Kogin da aka ɗauke daga hanyarsa

Shekarun baya, wani kwazazzabo ya tasa gonarmu ta gado a Durba a gaba. Duk damina sai ya yagi kunya biyu ko uku ya tafi da su. Na gaji, na yi magana da wani dillali a Kibiya cewa ranar kasuwa ya zo mu gama cinikin gonar. Abin da nake faɗa wa kowa shi ne, ruwa ba ya barin hanyarsa.

Ana saura kwana biyu, ɗana ya kira ni ta bidiyo daga Japan, inda yake karatun sarrafa ruwa. Ni kuwa na sha yi masa tsiya, wai mutum ya bar madatsar ruwan Tiga a bayan gida ya tafi bangon duniya koyon ruwa.

Muna karin kumallo, shi har ya yi La'asar. Ya juya wayar ya ce, “Baba, duba.”

Na ga ruwa shimfiɗe, gaɓar can da ƙyar ake hango ta. Na ce, “Teku kuma ka je?”

“Kogi ne, Baba, sunansa Tone. Daga duwatsu masu dusar ƙanƙara yake gangarowa. Kuma nan da nake tsaye ba hanyarsa ta asali ba ce.”

“Kai, kiyaye ni. Wa ya kai shi?”

Ya ce da can kudu yake bi, ya faɗa teku ta wajen birnin da ya zama Tokyo, yana yi wa mutane ambaliya. Wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce aka yi ta haƙa, ana kwasar ƙasa a kwanduna, har aka karkata shi gabas. Fadamun da ya bari suka koma gonakin shinkafa.

“Babu katafila?”

Ya yi dariya. “Baba, ko amalanke mai tayar roba babu. Da yawan waɗanda suka fara ba su ga ƙarshen aikin ba.”

Kokona ya huce a hannuna. Uwargidana ta leƙo ta ce, “Malam, su kogi suka tura, kai ɗan rami ya kore ka daga gonar ubanka?”

A ranar na fasa sayar da gonar. Na aika wa dillali ya yi haƙuri. Da rani muka kira gayya, muka jera duwatsu a bakin ramin, muka dasa ciyawar jema da ruwan fari. Damina ta farko ta kwashe rabi. Muka sake.

Har yau ramin bai cike ba, kuma na san ba ni zan ga cikarsa ba. Amma ya daina ci. Bana a kan ƙasar da ruwa ya tara bayan duwatsun na shuka dawa kunya huɗu, ta kuma yi kai.