Idrisu Sha-Taɓo da Motar Ɓaure

Maigidana Idrisu bai taɓa yi mini wani mugun abu ba, gara in faɗi wannan tun farko kada danginsa su ce na tona masa asiri. Ba ya zagi, ba ya yawon banza, aikinsa na gyaran injuna a wata masana'antar roba da ke Birnin Masana'antu na Biyu kuwa ya riƙe shi hannu bibbiyu. Matsalarsa ɗaya ce, taɓo. Mutum yana zaune a Riyad, garin da ake yin wata da watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba, amma ba shi da zance sai na taɓo.

Abin ya samo asali ne daga Kura, garinmu. Yana saurayi, da keke yake yin dako a fadamar shinkafa. Idan damina ta yi nisa, hanya ta caɓe, amalanke ma ta ƙi shiga, shi ake nema ya kai taki ciki. Inda keke ya ƙi tafiya sai ya sauke buhu ya tsallakar da shi, ya dawo ya saɓa keken a kafaɗa ya bi da gudu. Abokansa suka sa masa suna Sha-Taɓo. Ni ma a haka na fara ganinsa, baƙi ƙirin da laka har wuya, haƙora kaɗai ke haske, kuma ban san abin da ya shiga kaina ba na ce shi nake so. Daga baya ya yi karatun fasaha, ni na yi na jinya, aiki ya kawo mu nan, muka haifi Hajar, ta girma ta koma gida jami'a. Na ɗauka an rufe babin fadama.

Wata Lahadi da sanyi na dawo daga asibitin da nake aiki a unguwar Shumaisi, ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tarar da shi durƙushe gaban talabijin, ko takalmin aiki bai cire ba.

"Maman Hajar, zo ki ga ikon Allah! Aikinmu ne Turawa suka mayar gasa!"

Na duba. Wasu samari ne a ƙasar Beljiyam suke zagaye wani fili cikin ruwa da sanyi, sun yi kaca-kaca, ba ka gane launin rigar kowa. Su tuƙa, su diro, su saɓa keke a kafaɗa, su hau tudu da gudu, su tsallake katako, su sake ɗarewa. Jama'a a gefe suna ta kaɗa ƙararrawa. Wai saikulokuros sunan abin. Na ce masa a garinmu wahala ake kiran wannan, kuma biyan mutum ake yi ya yi ta. Ko a jikinsa.

Tun daga ranar na rasa Lahadina ta lokacin sanyi. Ba kallo kawai yake yi ba, gyara musu yake yi. Yaron da duniya ta yarda shi ne zakara, Idrisu zai nuna shi da cokali ya ce ya cika wa taya iska, a taɓo sai taya ta yi laushi take kama ƙasa. Wani ya taka birki a gangara ya zame, ya ce maganinsa ke nan. Wani ya nace sai ya tuƙa inda ya kamata ya sauka, ya buga cinya ya ce girman kai ne. Akwai wurin da suke miƙa keke mai datti a ba su wankakke, wannan kam har yau bai yafe musu ba, ya ce su a fadama da tsinke suke sakace laka su ci gaba. Miyar da ta huce a gabansa saboda waɗannan yaran, Allah kaɗai ya san yawanta.

Sai ya sayi keke mai ƙahon rago da taya mai ƙuraje. Ya shiga wata ƙungiyar masu tuƙi da safiyar Juma'a, akwai Larabawa, 'yan Filifin, Turawa biyu-uku da 'yan Najeriya. Kullum shi ne na ƙarshe. Su gama, su sha shayi, su fara ɗaura kekuna a mota, sannan a hango shi yana tafe yana haki. Amsarsa ba ta canjawa: "A kwalta ne. Ku bari mu haɗu a taɓo." Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Turanci, har ta zama abin tsokana, ko hular wani ce ta faɗi sai a ce a bari a haɗu a taɓo. Shi dariya yake yi tare da su, ni kuma abin yana ci mini rai, don ba na son a mayar da mijina abin wasan yara.

Ya nemi taɓon kuwa. Ya taɓa jan tiyo zuwa wani kango bayan gidanmu ya yi ta zuba ruwa, yashi ya shanye ko godiya babu, mai gadi ya zo ya yi masa faɗa. Duk ranar da aka ɗan yi yayyafi zai fice da keke zuwa kwari, ya dawo da yashi mai danshi a taya, ya shiga banɗakina ya wanke, ya toshe mini magudana.

Ana cikin haka gwiwarsa ta dama, wadda ya daɗe yana ɓoye mini ciwonta, ta fara kumbura. Dakta Kamil, likitan ƙashi ɗan Zariya wanda suke tuƙi tare, ya duba hoton ya ce da zarar sanyi ya wuce sai an yi aiki. Bayan aikin zai iya tuƙi a hankali a miƙaƙƙiyar hanya, amma dirowa da gudu da keke a kafaɗa, ya yi sallama da su. Idrisu ya dawo gida bai ci abinci ba. Na gane abin da ke damunsa ba wuƙar likita ba ce. Idan sanyin nan ya wuce bai shiga taɓo ba, maganar da ya shekara da shekaru yana yi za ta zama cika baki kawai, kuma shi kansa ba zai taɓa sanin ko gaskiya ce ba.

Wani Balarabe a ƙungiyarsu, mai gonar dabino a hanyar Kharj, ya ce a shirya tsere irin na Beljiyam a gonarsa, shi zai sa a haƙa dogon rami tsakanin bishiyoyi, amma ƙasarsa yashi ce. Idrisu ya daki ƙirji ya ce laka a kansa take. An ba shi lambar wani direba Basudane a unguwar Sulay da ke dakon komai da komai. Ya ce in kira masa, tunda Larabcina ya fi nasa. Na ce Larabcin asibiti na koya, ban koye shi don cinikin taɓo ba, kuma ba da bakina za a ƙarasa wannan gwiwar ba. Har gobe ina kan bakana.

To ga inda gizo ya yi saƙa. A Larabci, laka da ɓaure kusan kalma ɗaya ce, nauyin harafin farko kaɗai ya raba su. Mai nauyin shi ne na laka, mu a makarantar allo ɗa muke karanta shi, shi ya sa muke cewa ɗawafi da Ɗalha. Idrisu ya buɗe murya kamar yana biya karatu ya ce yana son ɗin, mota ɗaya. Direban ya ji din, wato addini. Ina jin sa ta waya yana dariya yana cewa masha Allah, amma shi bai taɓa loda wannan a mota ba. Dariya ta ci ƙarfina na shige kicin, don haka ban ji sauran ba. Ashe da Idrisu ya ga ba a gane shi ba, sai ya sassauta harshe ya ce tin, tin, mablul, wato jiƙaƙƙe, kuma mafi laushin da za a samu. Direban ya ce fi, wato akwai.

Ranar Juma'ar tseren na bi shi da akwatin magani, don in ƙafar ta karye ni ce mai jinya ko ina so ko ba na so. Sanyi har cikin ƙashi. An ja igiyoyi tsakanin dabinai, an kafa katakai, ga tudun yashi, ga rami a bushe yana jira. Idrisu sai kai-komo yake yi yana latsa tayarsa da babban yatsa. Can sai ga mota. Tun kafin a buɗe bayanta na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi da tsami. Kwalaye ne jibge, sun jiƙe sun yage. Busasshen ɓaure ne da rufin wani sito ya zubar wa ruwa, ya kumbura ya ruɓe, ana neman inda za a kai shi. Direban ya ce da ya ji gona ce, ya ɗauka na tumaki ne.

Wurin ya kaure da dariya. Wani ɗan Filifin har da kwanciya a ƙasa. Wani ya ce a bari a haɗu a ɓaure. Idrisu bai yi dariya ba a wannan karon. Ya je bakin ramin ya zauna, ya ɗora hular kwano a gwiwa, ya zuba wa yashi ido.

Haushi ya turnuƙe ni, nasa da nasu duka. Na je wurin mai gonar na tambaye shi da Larabcin da na hana mijina, ko tumakinsa za su ci wannan. Ya shinshina ya ce a'a, wannan ya zama taki. Na ce to a zuba a ramin, a saki tiyo, a tattake da yashi, dabinansa ma sa amfana. Ya dube ni, ya dubi Idrisu, ya kira ma'aikatansa. Da aka gama, abin da ke ramin ya yi baƙi-baƙi, yana danƙo yana santsi, in ka sa ƙafa sai ya riƙe ta.

Na tsaya a kan Idrisu na ce, "Baban Hajar, tashi. Shekara nawa kana cika mini kunne, yau ba za ka zauna ba."

Aka tashi tsere. A busasshiyar ƙasa suka bar shi a baya kamar kullum. Da suka iso ramin sai kowa ya faɗa da kekensa da ƙarfi, tayoyi suka cushe, wani ya kife, takalmin wani Bature ya maƙale ya fito da safa. Idrisu bai ko gwada tuƙawa ba. Tun kafin bakin ramin ya wurgo ƙafa ya diro, keken ya hau kafaɗarsa kamar da kansa, ya shiga da gajeren taku, a kan yatsu, kansa a sunkuye. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya. Furfurarsa da tumbinsa suna nan, amma tafiyar ta saurayin fadamar Kura ce, na gane ta. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, ni da ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba.

"Sha-Taɓo! Sha-Taɓo, wuce su!"

Haka aka yi ta yi. Su wuce shi a yashi, ya wuce su a rami, har su ma suka koyi sauka. A zagayen ƙarshe gwiwar ta ce ta gaji. Ya fito daga ramin yana ɗingishi, ya kasa ɗarewa, ya tura keken har layi. Bai zo na ɗaya ba, bai ma kusa ba, amma akwai mutane a bayansa, kuma babu wanda ya sha shayi kafin ya iso. Dakta Kamil ya rungume shi yana yi masa faɗa a lokaci guda.

A mota, ƙudaje sun cika mu, kujera ta yi danƙo, na ɗaure masa gwiwa da ƙanƙara na ce, "To, ka nuna musu."

Ya kalli hanya ya ce, "Ba taɓo ba ne, Azumi. Ɓaure ne."

Wallahi da ba ni ke tuƙi ba da na shaƙe shi. Na ce ya riƙe ƙafa ko bai riƙe ba? Ya ce ya riƙe. Ya cushe taya? Ya cushe. To mene ne taɓo in ba wannan ba? Ya ce taɓo ƙamshin ƙasa yake yi, kuma sanyinsa daban ne a tsakanin yatsu, ni ba zan gane ba. Muka yi ta yi har Shumaisi.

An yi aikin, ya warke, yana tuƙinsa a hankali a kwalta. Bai ƙara cewa a bari a haɗu a taɓo ba, su ma sun daina faɗa. Sanyi ya sake zagayowa, ranar Lahadi yana kunna tseren, amma shiru yake kallo, yana cinye miyarsa da zafinta. Wannan shirun ya fi surutun ba ni haushi. Makon jiya wani yaro ya nace sai ya tuƙa a inda laka ta kai gwiwa, na ji kaina ina cewa, "Sauka mana, girman kan me kake yi!" Idrisu ya juyo ya dube ni ya yi murmushi, ya ce in bar yaro ya yi tserensa.

Shi ya ce ɓaure ne, ya je ya yi ta faɗa. Ni ina bakin ramin nan a tsaye, kuma na san abin da na gani. Duk baƙon da ya zo gidan nan sai na ba shi labarin tun daga Kura, ko yana so ko ba ya so, kuma wanda ya kira taɓon ramin nan ɓaure a gabana ba zai sha shayina ba.