Rajistar Inna a Keke Mai Batir

Kekunan guda uku ne, masu ƙafa uku, ba sa shan mai, da hasken rana ake yi wa batirinsu caji. Wata ƙungiya ce ta kawo su garinmu, aka ce na tsofaffi ne da masu juna biyu da naƙasassu, a riƙa kai su asibiti kyauta. Ranar buɗewa manyan gari ne suka fara shiga, da ƙafafunsu lafiyayyu, ana ɗaukar su hoto. Wani babbar rigarsa ta maƙale a ƙofa, sai da mutum biyu suka ciro shi. Tsofaffin da aka tara suna cikin rana suna tafi.

Ni tun a wurin hankalina bai kwanta ba. Abin ba ya ƙara ko kaɗan, kuma akuyar garin nan ko an yi mata ham sai ta ga dama take matsawa. Amma ina bukatarsa. Tun da 'yan bindiga suka taso mu daga wajen Kakangi, Inna take fama da gyambo a ƙafa. Sau biyu a mako ake wanke mata shi a asibiti. Duk ranar da na ɗora ta a babur ƙafar sai ta kumbura, har ma'aikaciyar jinya ta ce in aka ci gaba a haka zancen yankewa zai taso. Kwana uku ban iya cin tuwo ba.

Ranar rajista na kai ta da sassafe, da katinta a cikin leda, ledar a cikin wata leda. Mai rajistar wata matashiya ce daga Kaduna, tana riƙe da babbar waya. Ta ce tsoho zai faɗi sunansa da unguwarsu da sunan mai kula da shi wanda suke gida ɗaya, da bakinsa, wayar ta ɗauki muryar. Wai a wani gari ƙarti sun yi rajista da sunayen kakanninsu da suka mutu.

Nan matsalar take. Ni ne ɗan farin Inna. Na yi furfura ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Kai” take ce mini, in a gaban mutane ne kuma “wannan”. Wanda ya tsara wayar nan ko dai ba shi da uwa, ko kuma shi ne auta.

Inna ta faɗi sunanta da unguwa tsaf.

“To Mama, sunan mai kula da ke,” in ji yarinyar.

Inna ta nuna ni da haɓa. “Ga shi nan.”

“Waya ba ta ganin haɓa, Mama. Faɗa za ki yi.”

“Ki tambaye shi, ai yana da baki.”

“Muryarki take so.”

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. “'Yata, in sai na faɗa, ku riƙe kekenku. Da rarrafe ma na je.”

Layi ya ɗauki hayaniya. Wani tsoho mai sanda ya ce, “Hajiya, ki faɗa a hankali, mu duk kurame ne!” A bayanmu akwai Mama mai doya, tsohuwa 'yar Gbagyi da muke haya gida ɗaya, ta biyo mu kallo. Ita da Inna kullum cikin musu suke a kan igiyar shanya. Ta ce, “Ni a ba ni waya in faɗi sunan ɗana da na ubansa da na wanda na so kafin ubansa.”

Ba zan ɓoye ba, a raina na so Inna ta faɗa. Sau ɗaya dai in ji yadda yake fita. Sai kuma na ji kunyar son, na yi istigfari.

Tsohon nan ya kawo shawara: Mama mai doya ta sunkuya a bayan Inna ta faɗi sunan da muryar tsofaffi, wa zai gane? Yarinyar ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Ni na ƙi. Ƙarya ce, kuma in wayar ta gano fa? A soke Inna, a soke unguwarmu, a ce ni ne sanadi.

“Kai wane irin mutum ne?” in ji Mama. “Ƙafar uwarka tana ruɓewa kana tsoron waya!”

Sai Inna ta sauke mayafi. Ta tambayi yarinyar ko dole mai kulawar ya zama ɗan da aka haifa. Aka ce a'a, gida ɗaya dai. Ta jawo wayar kusa da baki, ta faɗi sunan Mama mai doya da ƙarfi, har da na mahaifinta. Wayar ta yi kore, alamar ta karɓa.

Daga nan ban wuce gida ba, wajen limamin unguwarmu na tsaya, na ce ina jin mun ci haƙƙin ƙungiya da ƙarya. Ya tambaye ni wa yake dafa wa Inna ruwan zafi da safe in na fita kasuwa. Na ce Mama. Wa yake taimaka mata a banɗaki? Na ce Mama. Ya ce, “To tashi ka ba ni wuri, ina da baƙi.”

Ranar wankin ƙafa keken ya shigo lungunmu shiru kamar ɓarawo. Kujerar baya ta mutum biyu ce, mara lafiya da mai kula da shi. Mama ta ci ɗaurin zuwa coci ta shige, Inna ta miƙe ƙafa a kan matashi. Ni na bi su a keken hawa na aro, ina yi wa awaki ihu tun daga nesa.

Kafin in isa har an wanke ƙafar an naɗe. Ma'aikaciyar jinya ta ce yau babu kumburi, in aka ɗore a haka za a manta da zancen wuƙa. Na tarar da su biyun a inuwa suna cin dafaffiyar gyaɗa, suna musun wadda ta fi danne wata a kujera. Mama ta ɗago ta gan ni ina haki.

“Af, ka iso? Koma gida da sauri, na bar wake a wuta.”