Agogunan da Ran Guoshu Ya Mayar Sifiri

Ran Guoshu ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin gwaji na wata masana'antar babura a birnin Chongqing na ƙasar Sin. Aikinsa guda ne. Duk agogon gudun da za a ɗaura wa babur sai ya bi ta hannunsa, ya gwada allurar, ya tabbatar lambobin kilomita suna kan sifiri. Ni kuwa lissafi nake koyarwa a makarantar 'ya'yan ma'aikata, ƙofata tana kallon tasa a hawa na huɗu.

Da aka rufe masana'antar, tsofaffin abokan aikinsa suka tare a gidan shayi suna karta. Shi ko sai ya riƙa shiga bas zuwa ƙauyukan kan tudu, inda manoma suka jingine matattun babura a bayan akurki. Ya kwance agogo, ya ɓamɓaro tambarin da ke jikin tanki, ya kawo gida. Nan zai kankare tsatsa, ya sake gilashi, ya shafa jan fentin da ya haɗa da kansa daidai da na masana'anta, sannan ya sa ɗan tsinke ya juya lambobin baya har su koma sifiri. Cikin shekara goma sha tara ya tara agogo ɗari huɗu da 'yan kai, tambura kuwa sun fi haka.

Na taɓa yi masa magana sau ɗaya. Na ce, "Tsoho Ran, wannan ya ci kilomita dubu tamanin. Don me za ka sa ya ce bai je ko'ina ba?"

Ya ce, "Malam Pu, kai da ka yi koyarwa, ka taɓa mayar wa uba ɗansa da majina a hanci? Yadda ya fita daga hannuna, haka zai zauna a hannuna. Je ka sha shayinka."

Na yi dariya na tafi. Wannan dariyar laifina ce, domin na ga kuskure na bar shi saboda mai yinsa mutumin kirki ne.

Bara aka shafa wa benenmu jar alamar rusau. 'Yarsa Lifen ta zo ta ce zai koma wurinta, ɗaki biyu a hawa na ashirin da uku.

Ta ce, "Baba, ko kai ko ƙarafunan nan. Gidan ba zai ɗauke ku duka ba, kuma su ba su suka haife ni ba."

Abin da ya rage masa shi ne ya sama musu mazauni kafin ƙarshen wata. Na rubuta masa wasiƙa zuwa wani gidan tarihi, cewa kyauta zai ba su. Suka aiko wata Malama Mou mai farar safar hannu. Ta ɗauki agogo ɗaya, ta juya, ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na goma.

Ta ce, "Kawu, wa ya taɓa su?"

Ya ce, "Ni mana." Har da gyara tsayuwa.

Ta yi bayani a hankali, ba tare da raini ba. Kasuwa ta cika da sababbi da ake ƙerawa da kamannin na da. Abin da ke raba na gaske da na jabu shi ne tsatsa, da koɗewar fenti, da lambobin tafiya, kuma duk ya share su.

Ta ce, "Ko guda ɗaya babu da ba ka gyara ba?"

Ya ce, "Yarinya, ni zan ajiye abu a gidana ban gyara shi ba?"

Ta sha shayin da ya zuba mata, ta yi godiya, ta sauka.

Na daɗe ina auna wannan al'amari. Ran bai yi ƙarya ba, domin bai taɓa nufin ruɗin kowa ba. Malama Mou ma ba ta yi zalunci ba, domin ba a kafa shaida a kan rantsuwar mutum ɗaya. Amma ƙwazo ba ya wadatarwa sai an san abin da ake yi wa hidima. Ran ya ɗauka darajar agogo tana cikin aikin wanda ya ƙera shi, alhali rabinta yana wurin manomin da ya hau tudu da buhun lemo shekara ashirin. Wannan rabin ne ya goge, da hannu mai tsabta, sau ɗari huɗu.

Kwana uku kafin tashi na shiga wurinsa da hantsi, na tarar ya jiƙa tambura a cikin robar ruwan gishiri don su yi tsatsa, yana riƙe da tsinke yana tura lambobin wani agogo gaba.

Ya ce, "Malam, kai ne mai ƙwaƙwalwar lissafi. Nawa ka ce wancan ya ci?"

Na ce, "Ba zan faɗa maka ba. Da can kuskure ka yi, wannan kuwa ƙarya ce."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "To ba a karɓar na gaske, ba a yarda a yi na ƙarya. Sai me?"

Ya ajiye tsinken, ya tsamo tamburan ɗaya bayan ɗaya, ya goge kowanne da tawul.

Ranar tashi Lifen ta sassauta, ta ce ya ɗauki kwali guda. Ya tsaya gaban kantocin ya kasa zaɓa, domin babu wanda ya bambanta da ɗan'uwansa. Ya cika kwalin da bargo da magungunansa, ya ja ƙofa ya kulle, ya miƙa mabuɗin ga ma'aikacin rusau da ke jira a ƙasa.