Ɓerayen da Hajiya ta yi wa gata

Na ga ɓera a ƙasashe da dama. A Kumasi na ga ana gasa babban ɗan'uwansa a bakin titi, a Bur Sudan mun kwana rumfa ɗaya da su muna jiran jirgi. Amma ɓeran da aka kawo a mota mai sanyi, ana lallaɓa shi kamar maijego, sai a gidana na Bunkure.

Jikata ce ta kawo su, wadda ke bincike a jami'a. Farare fat, idanu jajaye.

Ta ce, "Malam, waɗannan tun haihuwarsu ba su taɓa taka ƙasa ba, ruwansu ma tafasasshe ne. A jikinsu ake fara gwada allurar rigakafi, alhali wanda za a yi wa allurar a cikin ruwan kanal na noman rani yake yini."

Ta bar rabinsu a ɗakin gwaji. Sauran za su zauna a kejin waya a bayan lambuna, su taka taɓo, su shaƙi abin da muke shaƙa. Daga baya ta yi wa duka allura, ta ɗebi jininsu, ta gwada yawan garkuwar da jikin kowanne ya haɗa.

"In wannan ya lalace, Malam, shekarata ta tafi."

Lokacin ɗiban tumatir ne, kullum ina hanyar Kura, sai na miƙa wa matata Hajiya aikin ba su abinci. Iyakar abin da na ce mata shi ne, ga amanar jikarki.

To, a gidanmu akwai yadda ake karɓar 'yan birni. Jikokinmu in sun zo hutu ana tafasa musu ruwa, a ɗaura musu gidan sauro, ba mai taka tsakar gida ba takalmi. Ita kuwa Hajiya, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bin ɓerayen rumbu da muciya, da ta dubi waɗannan ba ta ga ɓera ba. Baƙi ta gani.

Ranar da yarinyar ta dawo da allurarta muka zagaya bayan lambu, keji wayam. Har ta ɗora hannu a ka, sai ga muryar Hajiya daga ɗaki.

"Ku yi a hankali, barci suke."

Suna cikin babban daro, an shimfiɗa musu wankakken zane, gidan sauro a sama, kowanne ya yi kumatu.

"Kaka! Ƙazanta fa na kawo su su sha!"

"Ƙazanta? A gidana? 'Yar nan, so kike a ce kin kawo baƙi daga birni na bar su a bakin kanal kamar kwaɗi?"

"Tun yaushe suke nan?"

"Tun ranar da kika tafi. Har zazzaɓi ban bari ya taɓa ɗaya ba."

Yarinyar ta zauna a ƙasa, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ɗakin Hajiya, in ji ta, ya kusa fin nasu na jami'a tsafta.

Malaminta na jami'a ya yarda ta sake gwajin, sau ɗaya tak. Muka zauna shawarar wanda za a ba wa sababbin. Hajiya ce ta yanke, cikin fushi: a kai wa ƙanena, wanda baƙo bai taɓa kwana biyu a gidansa ba.

Shi kam ya riƙe amana. Yakan watsa musu abinci ta saman waya ya wuce, ko sannu babu. Da aka auna jininsu, garkuwar da suka haɗa ba ta kai ta 'yan gatan ɗakin gwaji ba, kuma wannan bambancin take nema. Ta gama karatunta.

Ƙanena har yau yana faɗa a majalisa cewa jami'a ta yaba da yadda yake riƙe baƙi.