Ni na cire sunan mijina daga jerin matafiya

A shekarun yaƙin basasa ni ƙaramar matar aure ce, tela, muna haya a Tudun Ƙofa cikin Keffi, ni da mijina da mahaifiyarsa. Tun ina yarinya ba na iya barin abu a rataye. In na yanka yadi da safe sai na ga riga kafin rana ta faɗi, in ba haka ba ko abinci ba ya yi mini daɗi. Ana yaba mini wannan hali, ni ma ina taƙama da shi, kuma shi ne ya kai ni ga abin da zan ba ku labari.

Mijina kafinta ne. Da yaƙi ya yi zafi ya shiga soja, aka tafi da su kudu. Da farko wasiƙunsa suna zuwa, in karanta wa Mama, wato surukata, ta sa in maimaita har sau uku don Hausarta ba ta nuna sosai ba. Daga baya wasiƙu suka ɗauke. Yaƙi ya ƙare, mazan mutane suka dawo, wasu kuma aka aiko da labarin mutuwarsu, aka yi makoki aka tashi. Nawa shiru. Na rubuta takarda ofishin soja har na gaji, ba su ce ya mutu ba, ba su ce yana da rai ba.

A majami'armu akwai wata al'ada. Ranar Lahadin ƙarshe ta shekara fasto yakan karanta jeri biyu: sunayen waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji, a gode wa Allah dominsu, sannan sunayen matafiya, a roƙa musu dawowa lafiya. Shekara uku a jere sunan mijina yana cikin matafiya, tare da ɗalibai da fataken doya. Duk lokacin da aka kira shi sai Mama ta amsa amin da ƙarfi, ni kuma in sunkuyar da kai. A zumuntar mata ba a san inda za a ajiye ni ba. In ana wa matan aure nasiha sai a tsallake ni, in ana ta'azantar da gwauraye sai a kalle ni a kau da ido. Ba wani auren nake nema ba, Allah ya sani. So nake kawai a gaya mini ko ni wace ce.

Mama kuwa ko a jikinta. Kullum in na tuƙa tuwo sai ta ɗebi na ɗanta ta rufe a wani kwano mai zanen fure, da safe ta ɗumama ta cinye da kanta. Ranar kasuwa takan tafi tasha ta zauna tana duban masu sauka daga mota. Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Na taɓa ce mata wannan ba bangaskiya ba ce, taurin kai ne. Ta ce da ni, 'yata, ai Allah bai ce komai ba tukuna, ita ba za ta riga shi magana ba. Na ce a raina tsufa ne.

Dattawan majami'a ba sa mayar da suna cikin jerin matattu sai da shaidar wanda ya gani da idonsa. Sai na ji labarin wani tsohon soja mai gyaran keke a unguwar Yara, wanda suka yi bataliya ɗaya da mijina. Na same shi. Ya gaya mini gaskiya, ya ce ya ga motar da mijina ke ciki ta kama da wuta, amma hayaƙi bai bar shi ya ga wanda ya fita da wanda bai fita ba. Da na tsaya nan da ban yi laifi ba. Amma na riƙa komawa, ina kuka a gaban shagonsa, ina tambayarsa ko mutum yana fita daga irin wannan wuta, har ya ce da wuya. Na ce to me ya rage, ya taimake ni ya ce ya ga gawa. Ni na sa masa maganar a baki, shi kuma don tausayi ya faɗe ta a gaban dattawa.

Aka yi sujadar tunawa, na ɗinka wa kaina baƙin kaya masu kyau, a ƙarshen shekara aka karanta sunansa a jeri na farko. Ba zan ɓoye muku ba, na ji sanyi a raina, na yi barci mai daɗi. Mama ba ta yi gardama da dattawa ba. Da yamma na tuƙa tuwo, ta ɗauko kwanon nan ta wanke ta kife shi a kan rumfa. Ba ta sake zuwa tasha ba. Cin abincinta ya ragu, ashe ɗumamen nan na safe shi ne abincin da take ci da marmari. Ba ta yi wani ciwo da za a nuna ba, ta dai yi ta ƙanƙancewa, kafin a yi shuka muka binne ta.

Bayan kaka, ranar wata Talata da hantsi, ina kan keken ɗinki sai na ji sallama. Mijina ne, da sanda, gefen fuskarsa duk tabon ƙuna. Ashe wasu mutanen ƙauye ne suka tsince shi suka kai shi wani asibitin mishan, ya daɗe bai san ko sunansa ba. Makwabta suka cika gida ana guɗa ana yabon Yesu, shi kuwa idonsa yana kan ƙofar ɗakin Mama. Da ya tambaye ni ina take, na ce masa ta rasu.

Sai bayan mako biyu na iya gaya masa duka, har da zaryar da na yi Yara. Bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi. Sai ya tambaya ko wata nawa ne tsakanin binne ta da zuwansa. Na ce bakwai. Ya ce ta jira shekara huɗu, da an bar ta da ta iya jiran wata bakwai ɗin nan. Na je gaban dattawa na tuba, na kuma roƙi gafarar mai gyaran keken da na jawo cikin ƙarya. Mijina ya yafe mini, muka zauna har Allah ya ba mu 'ya'ya, amma bai taɓa yarda a ci abinci a kwanon nan ba.

Abin da na koya shi ne, jira ba zaman banza ba ne. Ni na ɗauka bangaskiya ita ce a samu amsa, ashe wani lokaci ita ce ka ce ban sani ba tukuna, ka ci gaba da addu'a. 'Yan'uwana, duk wanda ke zaman jira, na ɗa ne ko na miji ko na sakamakon asibiti, in Allah ya yi shiru kada ka ƙirƙiro masa amsa don ka huta. In kuma ka ga wani yana riƙe da begensa, ko da ya yi maka kama da wauta, ka bar masa abinsa. Ni na ƙwace na Mama saura wata kaɗan ɗanta ya shigo gida.