Gasar da Mai Faci ya yi wa ƙanensa

Rumfar Mai Faci tana bakin hanya, tsakanin shagon mai walda da na mai gyaran talabijin. Tun yana saurayi yake nan da injin iska da bahon ruwan da yake tsoma tayoyi don gano huji. Abokansa kan tsokane shi wai shi kaɗai ne mutumin da ke sayar da iska kuma a gode masa. Mutum ne mai barkwanci, amma da taurin kai irin na ɗan fari.

Ƙanensa, Auta, fenti yake yi. Wata rana tsani ya zame da shi daga saman bene, ƙafafunsa suka mutu. Aka kwantar da shi a ɗakin baya na gidan yayan, mai taga ɗaya da ke kallon katanga. Wanda ya saba yini a sama yana waƙa sai ga shi ba ya ko son a yi masa sannu.

Ana nan, Mai Faci ya leƙa shagon maƙwabcinsa ya ga tseren wasu motoci a talabijin: ƙanana, kujera ɗaya, tayoyi a waje tsirara, kan direba a fili. Da ya koma gida ya ba Auta labari, har da ƙarin gishiri. Auta ya ɗago kai ya tambaya wa ya ci. Yayan bai tsaya ya gani ba, sai ya ƙirƙiro masa.

Daga nan gasar ta samo asali. Auta ya sa aka tara masa gwangwanaye, ya yanka, ya ƙera motoci, ya yi musu taya da guntayen robar da yayan ke kawowa, ya shafa musu ragowar fentinsa. Tabarma ta zama fili, ƙafar gado ta zama kwana mai haɗari. Direban Auta sunansa Kunama, mai jar mota. Na yayan Shaho. Kullum bayan la'asar Mai Faci zai zauna a ƙasa, hannu duk baƙin mai, yana sharhi da ƙarfi har uwargidansa ta leƙo ta ce yaran gidan sun fi su hankali.

Sai dai Kunama bai taɓa ɗaukar kofi ba. Zai yi ta jan gaba, ana dab da ƙarshen tseren kofin sai yayan ya ce tayarsa ta fashe.

"Yaya, wannan ai son kai ne," in ji Auta. "Ko a wasa sai ka nemo wa kanka aikin faci?"

Mai Faci dariya kawai yake yi. A ransa tsoro yake ji: ranar da Kunama ya ci, me Auta zai tashi yana jira gobe? Bai taɓa faɗa masa haka ba, don yana ganin ba maganar da wa zai yi wa ƙane ba ce.

Da aka faɗaɗa hanya, manyan motoci suka fara tsayawa, aiki ya yi masa yawa har ya buɗe rumfa ta biyu. Ya riƙa dawowa a gajiye. A lokacin Kunama da Shaho sun yi kunnen doki a maki, saura tseren ƙarshe na kakar wasan. Auta ya jera motocin a gefen gado, kullum ya tambaya, kullum a ce masa gobe. Daga baya ya daina tambaya. Sai tari ya kama shi, ƙirji ya cika, aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, uwargidan ta same shi a ɗakin bayan yana naɗe tabarma. Ta ce akwai abin da bai sani ba: wata rana da hantsi Auta ya kira ta ta zauna ta zama 'yar kallo, ya yi tseren ƙarshen shi kaɗai, yana kwaikwayon muryar yayansa.

"Wa ya ci?"

"Shaho. Na ce masa don me, ga mota a hannunka? Ya ce, 'Ki bar shi, Yaya ba ya son a wuce shi.'"

Mai Faci ya ajiye tabarmar. Ya ce ba haka ba ne, wallahi ba haka ba ne. Ta ce ta sani, amma da Auta ya kamata a faɗa wa.

Bai jima ba ya bar wa wani abokin sana'arsa rumfa ta biyu. Yanzu furfura ta cika masa kai, barkwancin ya ragu. Da la'asar yake rufewa, ko da mota na jira, ya tafi gida ya zauna a tsakar gida kusa da matarsa, tana aikinta yana taya ta hira.