Matar da Ta Ce a Rubuta Fitarta

Ni aka ɗauko in rubuta bayanan taron ƙungiyar masu buga bulo, ban san kowa a zauren ba. Amma idona ya kasa barin wata mata a layi na uku. Za ta kai hamsin, mayafinta ruwan toka, siminti ya cinye mata bayan hannu. Sai ninke takardar taron take tana warwarewa, tana duban ƙofa.

Shugaba ya rage murya ya ce da ni, "Malam, ajiye biro." Ya juya ga jama'a. "Mu tsayar da farashi ɗaya, kowa kuma ya tsaya unguwarsa."

Sai ga ta tsaye, jaka a hammata.

"Ranka ya daɗe, doka ta hana wannan. Malam, rubuta cewa ban yarda ba, na fita ƙarfe sha ɗaya da kwata."

Wani dattijo ya ce, "Haba Hajiya, hira ce fa ta 'yan'uwa."

"Alhaji, hirar da ake ɓoye wa biro ba da ni ba."

Ta nufi ƙofa ta fice. Wataƙila ta taɓa ganin hukuma ta garƙame masana'antar wani nata, wataƙila leburorinta take tunawa. Na dai rubuta.

Yanzu ina hango ta ta taga, tsaye bakin titi. Motocin haya uku sun wuce, ba ta tsayar da ko ɗaya ba. Gobe da waɗannan mutanen za ta yi layin sayen yashi.